Sharafaddeen Mai Ɗinki da Warwara

A gidanmu na unguwar Fereej Abdel Aziz a Doha kowa da kafil ɗinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardar zama, wani kamfanin gadi, wani kamfanin motoci. Sharafaddeen kaɗai ne matarsa ce kafil ɗinsa, kuma ba mu taɓa barinsa ya manta ba.

Tela ne ɗan tela daga Funtuwa. A shagon babansa ya yi rarrafe, a nan ya koyi yanka yadi tun almakashi ya fi hannunsa girma. Da matarsa Haulat ta samu gurbin karatu a Doha, sai ya tattaro ya biyo ta, har da igiyar awo a wuya, wai zai ɗinka wa Larabawa babbar riga. Yana sauka aka nuna masa takardarsa: ɗan rakiya ne, ba ma'aikaci ba.

Karatun Haulat kuwa a kan wata Baturiyar Ingila ne da ta mutu tun kafin a haifi kakan kakanmu. Marainiya ce, ta tashi a hannun wani kawunta mai kulle ƙofofi, ta girma tana rubuta labaran ban tsoro: tsohon gida, mace a kulle, motsi a bayan bango. Haulat kan karanta masa tana fassarawa, har ya fi ta sanin dangin matar.

Da safe Haulat ta kama jirgin ƙasa a Mushairib, shi kuma ya zauna. Waje rana kamar ta gasa mutum, ciki na'urar sanyi na gurnani, taga ɗaya ce kuma bangon wani gida take kallo.

Dogara, ɗan gidanmu mai gadi a Lusail, in ya dawo aiki sai ya ƙwanƙwasa masa. “Angon karatu, uwar ɗakinka ta bar maka izinin leƙowa?”

“Wuce ka wanke rigar kamfani, ta fara magana da kanta.”

Sai muka fara jin motsi a bayan bango da hantsi, ƙar-ƙar-ƙar. Dogara ya rantse Baturiyar ce ta biyo littattafanta. Ashe tsohon keken ɗinki Sharafaddeen ya samo. Ba ya karɓar aikin kowa, tsoron doka yake. Yadi guda ne, shuɗi. Ya ɗinka riga, ya warware, gobe ya sake, don kada hannu ya mutu. Kafin Haulat ta dawo ya tura keken ƙarƙashin gado.

A shekara ta uku babansa ya kira. Idonsa ya daina ganin kafar allura. In Sharafaddeen bai dawo kafin Babbar Salla ba, zai damƙa shagon ga Usaini, ƙanin Sharafaddeen, wanda ko aljihu ba ya sawa daidai.

A makon ne Haulat ta shigo da la'asar tana murmushi. An gano wasu wasiƙun Baturiyar zuwa ga ƙanwarta, malaman Haulat sun ce ta ƙara shekara biyu.

“Malam, sai in ka yarda. In ka ce khalas, ya isa haka, mu tafi tare.”

Ta sunkuya za ta ajiye takalmi, ta ga keken. Ta jawo yadin, duk ya yi huji-huji saboda allura. Ta daɗe tana juya shi.

“Tun yaushe?”

“Tun kina babi na biyu na littafinki.”

“Shekara uku ina rubutu a kan wadda aka kulle, ban duba ƙarƙashin gadona ba.”

“Ita ai kawunta ne ya kulle ta, Dakta. Ni da ƙafata na shigo.”

Ya san in ya ce su tafi, za ta bi shi, ta bar littafin a rabi. Shi kuwa ya tsani aikin da aka bari a rabi. Ya ɗauki waya ya kira Funtuwa, ya gaida Baba, ya ce a ba Usaini shagon. Abu ɗaya ya roƙa, a aiko masa da almakashin tsohon.

Almakashin ya iso a jakar wani direba. Yanzu keken yana tsakiyar ɗaki, ba ɓoyo. Rigar bikin gama karatun Haulat yake ɗinkawa, saura wata ashirin da biyu. Dogara ya tambaye shi ko ya kusa gamawa.

“Na gama sau huɗu,” in ji shi, ya ja ƙofa ya rufe.