Yadda Na Tuƙo Maigidana Daga Cikin Sahara

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni matar gida ce mai 'ya'ya mata biyu, muna zaune a Harra ta Gabas a nan Madina. Aure ne ya kawo ni daga ƙasar Katsina, shi kuwa maigidana a nan aka haife shi, kakanninsa ne suka zo aikin hajji suka zauna. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Hajiya, tana tare da mu. Ni mace ce mai yawan tsoro. Da aka ba wa mata damar tuƙi a ƙasar nan, maigidan ya matsa mini na shiga makaranta har na karɓi rukhsa, wato lasisin tuƙi, amma tun a makon farko na goga motarsa a bangon maƙwabta, mutanen lungu suka fito kallo. Hajiya ta ce dama ita ba ta ga abin da ya kai mace gaban mota ba. Daga ranar ban ƙara taɓa sitiyari ba.

A hutun makaranta na lokacin sanyi maigidan ya ce mu fita kashta, wato zaman tanti a sahara kamar yadda mutanen nan suke yi. Muka nufi arewa da gari, muka bar kwalta, muka yi ta ratsa baƙaƙen duwatsu har muka sami wani kwari mai itatuwan ƙaya. Mota ɗaya muka je da ita, kuma ba mu gaya wa kowa ainihin wurin ba. Kwanakin farko ban taɓa jin daɗi irinsu ba tun zuwana ƙasar nan. Da safe gahawa da dabino a bakin garwashi, da yamma yaran suna hawan dutse suna kiran ubansu ya zo ya ga raƙuma daga nesa. Hajiya, wadda a gida ba ta cika magana ba, ta saki jiki tana ba jikokinta labarin tafiyar da iyayenta suka yi a ƙasa zuwa aikin hajji, suna tambayarta da Larabci tana ba su amsa da Hausa.

Ana saura kwana biyu mu koma, bayan mun ci gasasshen naman ɗan akuya, maigidan ya ce ƙirjinsa yana masa zafi. Ya ce nama ne ya yi masa yawa. Na jiƙa masa kanwa, Hajiya ta ba shi zuma da habbatus-sauda, zafin ya lafa. Washegari ya ce hannunsa na hagu ya yi nauyi, ya ɗora laifin a kan saran itace. Na ce ko mu tattara mu tafi, ya ce ya yi wa yara alkawarin sai Juma'a, ba zai karya ba. Ban matsa masa ba, domin ni ma ban so barin wurin ba, kuma yadda yake dariya yana wasa da yaran ya kwantar mini da hankali.

Ranar tafiya da hantsi muna cikin kwance tanti, sai na ga ya saki igiya ya zauna a ƙasa. Ana sanyi, amma gumi ya jiƙe masa riga, fuskarsa ta yi toka-toka. Ya ce kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Na ɗauko waya, babu shabaka, wato sabis, ta babbar 'yarmu ma haka. Ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin mota. Na tsaya ina kallon makullin, na fara cewa ko mu jira wata mota ta wuce, alhali tun zuwanmu ba mu ga mota ko ɗaya ba. Sai Hajiya ta kama kafaɗata ta ce, "'Yata, ba mu da kowa a nan sai Allah sai ke. Shiga ki ja." Ban taɓa jin ta kira ni da wannan suna ba sai ranar.

Muka bar tantuna da tukwane a inda suke, ruwa kawai muka ɗauka. Muka jingina shi a kujerar baya, babbar 'yar ta riƙe shi, ƙaramar tana kuka a gefe, Hajiya ta zauna kusa da ni da carbinta. Na yi bismilla na tayar da mota. Iska ta shafe yawancin sawun da muka bari, sai wani dutse mai tsaga a tsakiya da na tuna mun bari a hannun dama da muna zuwa, na sa shi a hagu na yi ta tafiya. Duk dutsen da taya ta taka sai na ji nishinsa a bayana. Da muka zo gindin wani busasshen rafi, tsoro ya sa na taka birki a tsakiyar rairayi, motar ta nutse. Na taka mai da ƙarfi, ta ƙara nutsewa. A nan ne na kifa kai a kan sitiyari, na ga kamar ni ce zan kashe shi.

Hajiya ta buɗe ƙofa ta sauka, tsohuwar da ciwon gwiwa yake sa ta yin salla a zaune, ta durƙusa tana yashe rairayin gaban taya da hannunta. Na sauka na taya ta. Ta ciro dardumar da take zaune a kai ta cusa a ƙarƙashin taya ɗaya, na cusa shimfiɗar ƙafa ta mota a ɗayar. Maigidan, da muryar da da ƙyar ake ji, ya nuna mini abin da zan murɗa don ƙafafun motar duka su ja, ya ce in taka mai a hankali kada in yi gaggawa. Motar ta yi kuka, ta girgiza, ta fito. Sai da na kai ƙasa mai tauri na tsaya, Hajiya ta biyo mu tana ɗingishi, hijabinta duk ƙura.

Muna hawa kwalta wayoyi suka fara ƙara. Babbar 'yar ta kira is'af, wato masu motar asibiti ta gaggawa, ta yi musu bayani da Larabci tiryan-tiryan, ban san tana da wannan natsuwa ba. Suka ce kada mu tsaya jira, mu ci gaba zuwa gidan mai na gaba, za su tare mu a can, kuma kada a bar shi ya yi barci. Yarinyar ta yi ta jan sa da hira, manyan motoci suna wuce ni suna hon, ni kuwa idona a kan farin layi kawai. Mun isa ba da jimawa ba motar asibitin ta iso. Mutum ɗaya suka yarda ya shiga da shi, na ce Hajiya ta shiga. Ni na biyo su a baya da yaran, har cikin cunkoson gari. Da na hango Dutsen Uhudu sai hawaye suka zubo mini, na share da gefen mayafi na ci gaba da tuƙi.

Likita ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe, kuma zafin ƙirjin nan na kwanakin baya gargaɗi ne da muka ƙi ji. Sun buɗe jijiyar a ranar, bayan ɗan lokaci aka sallame shi. Ƙaninsa ne ya je ya kwaso mana tantuna, ya ce ya tarar raƙuma sun kifar da tukwane sun cinye sauran shinkafa. Yanzu maigidan ya koma aikinsa, yana shan magani, yana tafiyar ƙafa bayan la'asar, yana kuma ƙorafin abinci babu gishiri. Ni nake kai Hajiya wurin likitan gwiwa, kullum sai ta ce na cika tafiyar hawainiya.

Na rubuto wannan ne domin sanyi ya kusa, iyalai da yawa za su fita sahara. Ku fita, wurin yana da daɗi, mu ma muna shirin komawa in Allah ya yarda. Amma kada ku yi nisa da mota ɗaya, ku gaya wa wani inda kuka nufa, kuma a sami mutum na biyu da zai iya tuƙi. 'Yan'uwana mata, duk abin da kuka koya kada dariyar mutane ta sa ku ajiye shi, domin ba ku san ranar da za a neme shi a hannunku ba. Idan kuma maigida ya dafe ƙirji ya ce nama ne, ki ba shi haƙuri ki naɗe tabarma ku kama hanya. Yara za su yi fushi na yini ɗaya, amma za su tashi da ubansu. Allah ya tsare mu, ya mayar da kowane matafiyi gidansa lafiya.