Gaba sittin na Mushe Illo

Ni Salamatu, shekara tara muna koyarwa lakwal ɗaya da Mushe Illo, wato Malam Illo, a Madarumfa, kuma har yau in na tuna abin da aka yi mishi sai zuciyata ta tafasa.

Illo ɗan Gabi ne, gajere, mai kunya. Tarihi ya karanta. A 1994 aka rasa malamin wasanni, aka miƙa mishi usur aka ce je ka. Mai kula da malaman wasanni na yankinmu, Tanko, shi ya kamata ya zo ya nuna mishi aikin. Ina! Sau huɗu Illo na rubuta mishi takarda. Sau ɗaya ya zo, bai ma fito daga mato ba.

Illo ya duƙa bakin gilashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu da abin awo. Yaya zan fitar da mita ɗari?"

"Gaba sittin. Shi ma sai an koya maka?" Ya ja mato.

Illo ya ɗauko igiyar guga ya auna gaba sittin da hannuwansa. To, gaban gajeren mutum fa! Filin bai kai mita casa'in ba, ba wanda ya sani. Shekara biyu yara na gudu a kai, lokacinsu gwanin sha'awa, musamman wata Ladi daga garin Sarkin Yamma. Tanko yana sa hannu a kan sakamakon daga buro, wato ofishinsa, yana bugun ƙirji a taro.

Da aka kai su gasa Maradi, a filin gaske, yaranmu suka sassauta kafin layi, don ƙafafunsu sun saba tsayawa nan. Ladi ta zo ta shida, tana kuka.

Wallahi sati bai cika ba Tanko ya rubuta cewa Illo ya ƙirƙiri lambobi. Mutumin da bai taɓa sa takalminsa a yashin filinmu ba! Aka dakatar da Illo, ya koma noman albasa bakin tafki.

Na je can na ce ya kai ƙara, ni shaida ce. Ya ci gaba da ban ruwa, can ya ɗago.

"Malama, bar wannan. Ladi fa? Tana da gudu, ko ni na yi ta yi mata ƙarya?"