Kabarin da Orlena Take Nema

An haifi Orlena Mae Stidham ranar tara ga Maris, 1941, a wata gona a jihar Kentucky ta Amurka. Bayan gidansu akwai kurmi, cikinsa kuma akwai kabarin kakarta. A shekarun da ta yi tana jinyar mijinta, hanisakul, baƙon tsiron nan mai kashe duk abin da ke ƙarƙashinsa, ya mamaye kurmin har kabarin ya ɓace.

Da mijin ya rasu, ta ce ba za ta bi shi ba sai ta ga dutsen kabarin. Saboda haka duk watan Nuwamba, lokacin da itatuwa suka zubar da ganye, hanisakul kaɗai ya rage kore, 'ya'yanta da suka watse birane sukan dawo da zarto. Suna yanka, tana bin kututture da maganin kashe tsiro, domin wanda ba a shafa ba sai ya tofo.

"Mama, anya akwai kabarin nan kuwa?" in ji Delbert, babban ɗanta.

"Ka cinye mini tukunyar wake, ka yanke reshe biyu, har ka gaji? Ɗauki zartonka."

Kafin ta rasu sun share kurmin, saura bakin rafin da ke gefensa, ba su ga dutsen ba. Ita ce mai zaɓar inda za a yanka. Tun shekarar farko ta ga dutsen a bakin rafin, amma ta san ranar da aka same shi zuwan 'ya'yanta ya ƙare, ba ta kuwa taɓa gaya wa kowa ba.