Wa Ya Sace Muryar Kaka?

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata Laraba cikin hutun makaranta, muryar kakata ta fito daga radiyon da ke rataye a jikin rumbunmu. Na san lokacin daidai, domin na duba agogon hannuna, kamar yadda nakan yi duk sa'ad da gabana ya faɗi. Kaka Dije tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, bakinta a rufe, amma ga ta can cikin akwati tana rera waƙar tatsuniya, ana bin ta da jita.

Ta ajiye faifan waken a hankali. Ta dubi radiyon, ta ɗaga kai ta dubi rana, sannan ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya: innata, da 'yar baffana Balki, da ƙananan yara, da ni.

"Wagga murya tawa ce," in ji ta. "Wa yab ba su?"

Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin littafin da ke cinyata, ina kallon layi ɗaya ban san abin da ke cikinsa ba.

A Deule na tashi, a gidan da Kaka ce babba. Idan sanyi ya shigo, an gama kai gero da dawa rumbu, mukan taru a ɗakinta bayan sallar isha'i. Takan hura wutar kara a cikin wani tsohon kasko mai tsaga, ta zuba mana gyaɗa a tsakiya mu riƙa ɓarewa, don ta ce kunne ya fi ji idan hannu yana aiki. Hayaƙi ya sa mu hawaye, mu ƙi fita. Ita tana da tata hanyar buɗe magana. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa nan bakin ƙofa." Mu ce, "Ta shigo ta zauna." Idan ta gama kuma ta ce, "Baƙuwa ta tashi, kowa shi riƙe abin da tab bar mai."

Ba ta taɓa yin tatsuniya da rana ba. Ta ce mai yin haka zai ɓace a daji ko da gonar ubansa zai je. Kakanta yana cikin masu bautar gargajiya tun gidanmu bai fara salla ba. Ita dai carbi ba ya barin hannunta, amma tatsuniyoyinta cike suke da duwatsu masu magana da rijiyoyi masu fushi.

Wadda muka fi so ita ce ta ƙwarya. Wai akwai wani gari a gindin dutse, ruwansa duka daga wani ido ɗaya yake fitowa, kuma wata tsohuwa da ba a taɓa gani ba ce take riƙe da idon. Duk shekara bayan girbi sai a kai mata fura a sabuwar ƙwarya. Gida ɗaya ne ke zana ƙwaryar, zanen kuma ɗaya ne tun kaka da kakanni: layi bakwai a baki, shi ke nan. Wata shekara mai zanen ya makance, aikin ya faɗo kan 'yarsa. Yarinyar ta ja layi bakwai, ta ga ƙarfen zane bai huce ba, ga fili fari a cikin ƙwarya, sai hannunta ya yi mata ƙaiƙayi. Ta zana 'yar kurciya a ƙarƙashin layukan. Ta ɗauki fura ta hau dutse tana waƙa, a nan ne Kaka takan rage murya ta rera:

"Tsohuwar dutse ga ƙwaryarki,
layi bakwai na hannun baba,
kurciya kuwa tawa ce."

Har nan tatsuniyar ba ta canzawa. Daga nan ne matsalata take farawa.

Wani dare Kaka ta ce da gari ya waye aka tarar ido ya ƙafe, ƙwarya a kife, mutane suka ɗaura kaya suka watse, har yau kangon garin yana nan. Wani daren kuma ta ce tsohuwar ta fito da kanta tana dariya, ta ce shekaru da shekaru ana kawo mata zane ɗaya, har ta ɗauka mutanen garin sun mutu saura hannu guda, yau ta san da rai a garin, sai ta ƙara musu ruwa. Akwai kuma daren da ta ce tsohuwar ma ba ta gani, ta shafa ƙwarya ta ce, "Ni ban san da wani layi ba. Ku dai ƙara nono, furarku ta tsinke." Muka yi ta dariya har ƙanena ya ƙware da gyaɗa.

Sauran yara ba su damu ba. Ni na damu. Tun ina aji huɗu nake da wani kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango da nake rubuta tatsuniyoyin Kaka a ciki. Ba na iya magana cikin mutane, amma ina iya rubutu. Kowane dare sai na sa rana da wata, na ja layi da jan bik, wato biro, na rubuta ƙarshen da ta faɗa, har da abin da muka ci. Da na tara ƙarshe uku sai zargi ya shige ni. Na ce ko tsufa ne ya sa take mantawa. Daga baya na ce a'a, wadda ba ta manta akuyar da aka ara tun kafin a haife ni ba za ta manta tatsuniya ba. To, ɓoyewa take yi. Akwai ƙarshe na asali, wataƙila mai abin tsafi a ciki, wanda ba ta son mu ji.

Ina da shekara goma sha shida, ina karatu a lakwal, wato makarantar boko, a Buza, wani mutum da ake kira Mushe Idi, wato Malam Idi da Faransanci, ya zo ya yi mana magana. Yana shirya wasan kwaikwayo a wani ƙaramin gidan radiyo. Ya ce tatsuniyoyinmu suna mutuwa tare da tsofaffi, yara sun koma kallon fim a salula, in ba a sa wa tatsuniya sabuwar riga ba babu mai sake dubanta. Na yarda da shi, har yau ma ina ganin bai yi ƙarya ba. Ya ce duk mai kaka ya ɗauko masa murya. Da na koma gida na ari salular Balki, na ce zan saurari darasi. Na ɓoye ta ƙarƙashin mayafina a ɗakin Kaka. Kunya ta hana ni neman izini, amma ba ta hana ni sata ba. A daren nan ƙarshen ƙafewar ruwa ta faɗa, shi na kai wa Mushe Idi.

Gaskiya wasan ya yi kyau. Sun sa ƙarar ruwa, da kiɗa, da 'yan wasa masu muryoyi daban-daban, suka bar waƙar da muryar Kaka. A ranar Larabar nan Kaka ta saurara har aka kai inda gari ya watse, ta tashi ta shige ɗaki.

Daga ranar gidanmu ya canza. Da farko ta sa ana zazzage aljihun kowa a bakin ƙofarta, har yaran da ba su da aljihu. Ta zargi likitan da ya taɓa zuwa ya ɗaura mata abin awon jini a hannu. "Na ji abin nan yana matsa ni," in ji ta, "ashe tatsa shikai." Ta zargi radiyon kansa, in za ta yi magana a tsakar gida sai ta kife masa ƙwarya. Mata a bakin rijiya suka sa ta gaba da ba'a: "Dije, yaushe za mu gan ki cikin telebijin?" Daga ƙarshe zargin ya tsaya kan Balki, domin ita kaɗai ke da salula mai ɗaukar magana. Kaka ta daina karɓar ruwa daga hannunta. Sannan ta daina hura kaskon gaba ɗaya. In yara sun taru ta ce, "Baƙuwa ba ta zo ba. Ku tahi radiyo ku tambaye ta."

Balki mace ce mai baki, ba ta barin ta kwana, amma a wannan ta yi shiru. Sai ranar da zan koma Buza ta tare ni bayan rumbu.

"Malama Rabi mai jan bik," ta ce, "darasin naki ya yi daɗi?"

Ta matso kusa da ni, ta ci gaba:

"Ba ni hwaɗa mata. Ke kinka ɗauka, ke za ki maida. Amma ki sani dut ran da tak ƙi ruwana, ke nika gani."

Sanyin nan ya wuce babu tatsuniya. Na shekara ina rubuta wa Kaka maganar da zan faɗa, ina gyarawa, ina yagewa. Da wani sanyin ya zagayo na dawo hutu, na tarar da ƙannena bayan isha'i sun haɗa kai kan salula ɗaya a zaure, ɗakin Kaka kuwa duhu. Autarmu ma ba ta san yadda ake amsa wa baƙuwa ba. Na tambaye ta, ta ce wace baƙuwa?

Washegari da magariba na ɗauki kayen na shiga ɗakin. Tana kan buzunta tana jan carbi. Na durƙusa. Duk abin da na shekara ina haddacewa ya gudu.

"Kaka, ni ce. Ba Balki ba ce."

"Na sani," in ji ta, ba ta ko tsayar da carbin ba. "Tun ran nan. Kowa ya dube ni, ke ɗai kinka dubi agogo."

"To me ya sa kika..."

"Ina jira in ga kwana nawa za ki bar 'yar'uwarki da kayan da ba nata ba. Kin daɗe, 'yar lakwal. Kin daɗe ƙwarai."

Na yi kuka, ta bar ni na yi. Da na lafa na tambaye ta ko don an sa tatsuniyar da rana ne ta yi fushi.

"Wa yab ɓace? Ban ji an yi cigiya ba."

"To jitar ce?"

"Jita ta yi daɗi. Ni ma da an ba ni ita ina budurwa, da na kaɗa."

Sai na buɗe kayen. Na nuna mata shafukan, duk da ba ta karatu. Na ce ga ƙarshe uku, ga ranakun da ta faɗe su, na roƙe ta ta gaya mini wanne ne na asali, wanda ta ji daga tata kakar.

Ta ce, "Karanta min waɗanda ke zaune a kowane dare."

Na duba. Ga rana, ga wata, ga gyaɗa, ga dankali. Shekara bakwai ina rubutu, ban taɓa rubuta sunan mutum ɗaya da ke zaune a ɗakin ba.

Yau ina jami'a ina karatun adabi. Kusan kowane mako sai an yi gardama a ajinmu. Wasu su ce kada a taɓa kayan gado ko da harafi ɗaya, wasu su ce a saka shi a fim da waƙa ko ya mutu. Nakan yi shiru kamar yadda na saba. Amma ba na amincewa da masu cewa akwai wani asali guda da za a kulle a akwati, domin na shekara bakwai ina nemansa. Ba na kuma sakin jiki da masu gaggawar ɗauka su watsa, domin na taɓa zama ɗaya daga cikinsu, na ga abin da ya biyo baya. Idan na je ƙauye ɗaukar magana yanzu, nakan ajiye na'urar a fili, na fara da rubuta waɗanda ke wurin. Abin da Kaka ta faɗa mini a magaribar nan ne ya koya mini haka.

Ta jawo kaskon da ƙafa daga ƙarƙashin gado, ta busa ƙurar da ke ciki, ta ce:

"Kakata ma uku gare ta, kuma ba nawa ba ne. Ni fuska nika duba. Ran da kinka ɗauka, Balki na shirin yin abin da anka hana ta, shi yas sa nib busar da ruwan. Ran da nig ga kin maƙure a lungu kina tsoron inuwarki, na sa tsohuwa ta yi dariya, don ki zana taki kurciya. Ran da kowa ke lahiya, sai mu yi ta nono. To radiyo wa yag gani? Ya ɗauki tsawar da niy yi wa Balki ya watsa wa ɗiyan mutane, har da masu tsoro irinki. Tashi ki kai wa 'yar'uwarki haƙuri, ki ce ta kawo min ruwa. Ki kira yara. Shi kuma Mushen naki, in yana son wata, shi zo da jitarsa shi zauna nan gabana, in dubi idonsa in ga wane ƙarshe yad dace da shi."