Goyon Nomau

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da safiyar da na goyi ƙaton namiji a bayana saboda 'ya'yan alade. Ku yi dariyarku, yara, ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na dara.

Zamanin Turawa ne, bayan an dawo daga yaƙin Bama. Wani Bature ya kafa gandu tsakanin Ƙaraye da Rogo, yana kiwon aladu ana kai wa 'yan'uwansa a Kano. Ni daga Kafin Dafga nake zuwa, aikina dakan dusa da tunkuza, wato abin da ke saura bayan an matse man gyaɗa. Tun ranar farko na ce wa heluma, shugaban leburori, "Zan haɗa abinci, amma ƙafata ba za ta taka wurinsu ba." Ya ce ba laifi, ai akwai Nomau.

Nomau Bamaguje ne daga wajen Jajaye, shi ke kula da ɗakin yaye. Idan 'ya'yan sun yi kamar wata biyu sai a raba su da uwa, a kai su wani ɗaki mai jinka da gajeriyar katanga. Kullum sai an share, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa, don damshi ne ajalinsu. Abincinsu kuwa ruwa-ruwa ake damawa da tsala, a zuba kaɗan-kaɗan a kwami. Kwanakin farko ba sa ci, sai kukan uwa. Nomau na da wani kira da yake yi musu tun suna shan nono, da sun ji shi sai su taso. Yakan tsokane ni ya ce, "Malam Sule, shigo ku gaisa mana!" In ce, "Allah ya tsari gatari da saran shuka."

Da damina ta faɗi aka yaye wasu, sai kurkunu ya fito wa Nomau a ƙafa biyu, ko tsayuwa ba ya iyawa. Wanda aka sa a madadinsa ya yi ta zuba abinci, suka ƙi kallon kwamin. Biyu suka mutu. Heluma ya zo ya ce, "Bature ya ce in ya dawo daga Kano ya tarar an ƙara asara, a sallami Nomau." Mutumin nan da aikin yake ciyar da tsohuwarsa da iyalinsa, kuma rumbu ya yi ƙasa.

Na same shi a bukkarsa yana naɗe kurkunun a tsinke. Ya ce, "Malam, muryata kawai suke so." Na tsuguna na ce, "Hau." Ya ce, "Mutanenku za su yi da kai." Na ce, "Hau, Nomau, kada ka ɓata mini lokaci."

Wallahi nauyi gare shi kamar buhun dawa! Na ajiye shi a kan katanga, ya yi kiran nan, sai ga su suna turereniya. Ni kuma na ɗaura ƙwarya a bakin doguwar gora, ina zuba musu daga waje, shi yana ce mini ƙara, ko ya isa. Haka muka yi safe da yamma har ƙafarsa ta warke. A gari kuwa an yi da ni ɗin, har aka sa mini suna jakin Nomau. Ko ɗaya cikin 'ya'yan aladen bai sake mutuwa ba, Nomau ya ci gaba da aikinsa.

Abin da na koya shi ne, yayayyiyar dabba ba abinci kaɗai take nema ba, tana neman wanda ta sani. Mu ma masu aikin haka muke, ba mu cika faɗa ba ne kawai.

Da aka rufe gandun kowa ya kama gabansa. Kullum ina cewa baɗi zan je in gan shi, noma ya hana, yara suka hana. Kewarsa ta dame ni, sai da na yi furfura sannan na kama hanyar Jajaye. Ɗansa na tarar, ya ce ai Baba ya rasu da daɗewa. Da na faɗi sunana sai ya durƙusa ya riƙe hannuna, ya ce, "Ashe kai ne! Har ya bar duniya yana ce mana yana da waɗansu ƙafafun a Kafin Dafga."