Malama Atika da Tsutsar da Ido Ba Ya Gani

Da gari ya waye, Malama Atika, malamar gona a Bagudo, takan ɗaure akwatin madubinta mai ƙara girman abu a bayan babur, ta nufi ƙauye. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana haka. Ita ta koya wa matan ƙauyen Lafagu noman naman kaza a kan ruɓaɓɓen karan shinkafa, har masu saye ke tsallako iyaka daga Benin.

Bara abin ya lalace. Zakiyya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta ja Malama zuwa ɗakin nomanta. Takin karan ya jiƙe sharkaf, ya lotsa, sai wari.

"Malama, mi na yi? Ko baki ne?"

Malama ta jiƙa takin a ƙyalle, ta ɗiga ruwan a madubi, ta ce ta leƙa. Zakiyya ta saki salati. Tsutsotsi ne sirara, birjik.

"Kowace da tsinke a baki," in ji Malama. "Farin zaren nan da ke haifar da naman kaza take sokewa, ta tsotse ruwansa, ta koma kan na gaba. Ina kika samo takinki?"

"Na maƙwabciyata Fatimata na ɗibo na zuba, don albarka. Yadda muke roƙon tsamin nono."

Wayyo! Ashe gida goma sha ɗaya sun yi wa juna wannan alheri. Babu maganin fesawa, sai dai a kwashe a ƙone. Malama da hannunta ta kyasta ashanar, tana hawaye. Wasu matan har yau ba sa amsa gaisuwarta.

Ke ce, Malama, kika faɗi gaskiya kina sane za a ƙi ki. Ke ce kika bi gida-gida kina nuna yadda ake turara kara a ganga har tururi ya kashe tsutsar. Gida uku kaɗai suka sake gwadawa, har da na Zakiyya. Uwar manoma, mun gode, Allah Ya saka miki.

Ƙarshen watan nan Malama za ta yi ritaya, kuma ba a turo kowa a madadinta ba. Abin yana ci mini rai. 'Ya'yan Bagudo da kuka yi karatu, don Allah wani ya zo ya karɓi akwatin nan.

Ran Laraba Zakiyya ta riƙe mata kan babur.

"Malama, in kin tafi, wa zai leƙa mana?"

Malama Atika ta daɗe tana gyara igiyar akwatin, ba ta ɗago ba.