Binciken da Baffa Atto Bai Gama Ba

Duk wanda ya san Baffa Atto ya san bencinsa na bakin tasha da tambayarsa: "Daga ina, wurin wa, yaushe za ka koma?" Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya dawo daga Makka, shi ma sai da ya amsa. Ni dai tun ranar sadakar ukunsa nake jin in ban ba da labarin nan ba cikina zai fashe.

Aikinsa ba hakimi shawara kan baƙi, kuma shawarar ɗaya ce tun yana saurayi: kar a bari su zauna. Hakimai biyu ya yi wa aiki. In zaɓe ya matso, 'yan takara har daga Kalgo suke zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Shi ya kawo dokar cewa baƙo ba zai wuce kwana uku a garinmu ba sai da mai masaukin da zai tsaya masa. Sannan ya bi gida-gida yana gargaɗi kar kowa ya tsaya wa kowa.

An taɓa turo likitan shanu daga Gwandu, Baffa ya tsare shi a tasha har la'asar.

"Baba, gwamnati fa ta aiko ni."

"Ita gwamnatin ɗiyar wane gida ce?"

Ana haka babana Hamani, Bazabarme mai ginar rijiya, ya ƙetaro daga Nijar da innata, tana da tsohon ciki. Cikin nan ni ne. Kwana uku suka cika, ba mai tsaya masa. A fada hakimi ya ce, "Atto, mi za a yi?"

"Ranka shi daɗe, a kore shi."

"Yau?"

"A'a. Wanda ba a san nufinai ba, ba a sakinai hakanan. Sai na ƙare bincike."

"To wa za shi aje shi?"

Baffa ya dubi fadawa ɗaya bayan ɗaya. "Duk nan babu mai ido. Ni za ni aje shi."

Shi ya yanka ragon sunana, wai don ya ga su wa za su zo. Ya yanka wa babana gona jikin tasa don ya riƙa ganin motsinsa. Duk Sallah hakimi sai ya tambayi inda aka kwana, shi kuma ya girgiza kai.

"Ana kai. Mutumin ga na da wayo, har yau bai yi komi ba."

Kafin Baffa ya rasu, gida biyar na baƙi ke ƙarƙashin bincike a bayan gidansa, duk da gonakinsu.

Washegarin jana'iza babana ya sa babbar rigarsa ya tafi fada, na bi shi. Da gaske yake tsoro: mai masaukinsa ya tafi, doka kuwa tana nan. Ya durƙusa ya ce a gaya masa matsayinsa kafin kwana ukun su cika.

Hakimi ya yi dariya. "Hamani, rijiyar da nike sha wa ya gina ta? Tashi, kai ɗan gari ne."

Babana bai tashi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai shi Baffa bai ce ba tukuna." Ya ja hannun riga ya rufe fuskarsa.

Allah, Baffa ya iso gare Ka. Ka karɓi baƙuncinsa, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka ba shi masauki irin wanda ya ba mu.